Keken Tsere da Goyon Goro

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da Najeriya ta janye tallafin man fetur ba. Kowa a Madawa yana da abin da yake tuna ta da shi, da yake daga can manmu ke ƙetaro iyaka. Masu sayar da esansi, wato fetur, a kwalba suna tuna ta da yadda kuɗin lita ya yi tsalle, 'yan kabu-kabu kuma da rigimar fasinja. Ni kuwa ina tuna ta da wani keke ruwan ɗorawa, da goro ƙwarya biyar, da zanen mai ɗakina. In dai kunya tana kankare zunubi, to a yini ɗaya na sauke kaya mai yawa, Allah Ya karɓa.

Ni malamin Larabci ne a wata makaranta a Sabon Gida, gidana kuma yana cikin Madawa. Shekara da shekaru wani tsohon moto, wato babur, ke kai ni yana maido ni. Da mai ya yi tsada, sai na ga kamar moton nake yi wa aiki ba iyalina ba. Na sayar da shi, na ce keke zan saya, mu huta ni da aljihuna.

Ni kuma ina da wata ɗabi'a, in ban rubuta abu ba ban ɗauke shi da gaske ba. Don haka na samu takarda na rubuta da ajami abin da nake so keken ya yi mini. Ya kai ni Sabon Gida kullum ya maido ni. Ya iya doguwar tafiya, don danginmu suna can Buza da ƙauyukan Keita. Ya ɗauki kaya, ko jakar littattafai ko ɗan damin gero daga gonata ta Azarori. Sannan kada kuɗinsa ya fi ƙarfina. Na naɗe takardar na sa a hula, na nufi rumfar Iliya.

Iliya mai gyaran keke ne a kusa da tasha. Kirista ne, ya tashi a unguwar ma'aikatan asibitin mishan, can ya koyi sana'ar, har da gyaran kekunan majinyata. Abokina ne tun muna samari. In azumi ya zo ba ya shan ko ruwa a gabana, in Kirsimeti ta zo ni yake kira in yanka masa akuya don mu ma mu ci. Aibinsa ɗaya ne, in ya san abu ba ya iya yin kamar bai sani ba.

"Karanta mini, Malam," in ji shi da na miƙa masa takardar. "Ka san wanga rubutu naku mai tahiya da baya-baya bai taɓa shiga kaina ba."

Na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya shiga bayan rumfa ya turo wani keke. Na Turai ne wanda aka yi amfani da shi, irin da muke ce wa okaziyo. Launin toka ne, fentin ya koɗe, sirdin an ɗinke shi da zaren buhu. Tayoyinsa kauri kamar damtsen maƙeri. A baya ga wurin ɗaura kaya, porbagaji, wanda ka gani ka san a maƙera aka ƙara masa ƙarfi.

"Ga takardarka nan da ƙahwa biyu," in ji Iliya. "Robar cikin tayarshi, duk kasuwar ƙauye ta Adar za ka same ta. Bitas bakwai gare shi na canjin gudu, sun ishe ka hawan tudun Buza. Ga wurin kaya. Ga murhin sarƙa saboda babbar rigarka. Kuɗin kuma bai wuce abin da ka ce ba."

"Iliya, ni fa malami ne. In na shiga makaranta bisa wanga abu, sai a ce mai tallan kalanzir ya zo."

"To mai tallan kalanzir ai yana komawa gida lahiya."

Na ce zan yi shawara. (Wannan ita ce maganar da mutum ke yi in ya riga ya ƙi.)

Ranar kasuwa ina zagayawa sai na iske wani ɗan kasuwa ya jera kekunan okaziyo. A tsakiyarsu ga wani ruwan ɗorawa yana ƙyalli. Tayarsa siririya kamar ɗan yatsa, abin riƙonsa ya lanƙwashe ƙasa kamar ƙahon rago. Ba murfin sarƙa, ba wurin kaya, ba komai, sai kyau. Mutumin ya ga na tsaya, sai ya sa yatsa ɗaya ya ɗaga keken sama.

"Ka gani, Malam? Ba shi da nauyi. Irin na Turawa masu tsere ne. Bitas goma sha takwas. Ka bar Madawa bayan asuba, ka karya kumallo a Buza."

Da ya faɗi kuɗin, sai na ji har bai kai na Iliya ba. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa abu mai kyau haka ya yi arha, ko me ya sa duk jama'ar kasuwa suka wuce shi suka bar mini ba. Takardar ajami tana cikin hulata a bisa kaina, ban ciro ta ba. Na biya na tura abina.

Iliya ya zagaya keken sau biyu. Sannan ya tsuguna ya taɓa bakin da ake hura iska.

"Ka ga wanga baki? Siriri ne. Famfon ƙauye ba ya kama shi sai da wani ɗan ƙarhe da aka ɗaura mai. Robar ciki ma babu irinta a nan. Bari in sa a nemo maka su daga Konni. Kahin su zo, kada ka yi nisa da shi."

"Hassada dai, Iliya."

"Ina za ka aza kaya?"

"Allah Shi ne mai buɗi."

Ya miƙe yana goge hannu da tsumma. "To mu yi alkawali. Ba ni son ko dala taka. Ranar da wanga keke ya kunyata ka, ka zo nan gaban rumfa ka ce da bakinka, Iliya ya hi ni sanin keke. Shi ke nan."

Na ce na yarda. Har na ƙara da cewa in hakan ta faru, sau uku zan faɗa. Ba wanda ya tambaye ni sau uku. Ni na ƙara da kaina, gaban mutum huɗu da ke zaune a benci.

Gaskiya, a kan gudro, wato kwalta, keken nan iska ne. Amma da zarar ka sauka kan yashi sai tayar ta nutse kamar wuƙa cikin tuwo. Kuma ba a hawansa a zaune kamar ɗan adam, sai ka duƙa. Tun daga ƙofar gida har makaranta ina cikin ruku'u, ba tasbihi ba lada. Tunda kaina yana ƙasa, ba na ganin mutane, sai dattawan hanya suka fara cewa Malam ya yi keken Turawa ya daina gaisuwa. Sau biyu sarƙa ta cinye mini gefen riga. Jakar littattafai kuwa a wuya nake rataye ta, tana lilo tana dukan gwiwata. Duk wannan ban gaya wa Iliya ba. In zan wuce ta gaban rumfarsa sai in ƙara gudu in ɗaga masa hannu kamar mai jin daɗi.

Ana haka sai auren Lawali ya taso. Lawali ɗan wana ne marigayi, a hannuna ya girma, ni ne ubansa a yanzu. Yarinyar 'yar wani ƙauye ce tsakanin Buza da Keita. Aka sa ɗaurin aure ranar Asabar bayan azahar. Waliyyinta baffanta ne, wani Alhaji mai zama a Tawa, mutum mai tsare gida wanda aka ce ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Ya aiko cewa yini ɗaya zai yi, bayan la'asar motarsa za ta juya. Lawali kuma yana shirin tafiya cin rani da an gama biki. Wato in aka kuskure wannan Asabar ɗin, sai baɗi, in ma mutanen yarinyar sun yarda su jira. A wajenmu kuwa kowa ya sani, ba a shafa fatihar aure babu goron ango a tsakiyar tabarma.

Na sayi goro ƙwarya biyar, fari da ja, zaɓaɓɓe, aka naɗe shi cikin ganye aka sa a jiƙaƙƙen buhu. Lawali da abokansa za su tafi tun ranar Juma'a cikin motar kasuwa. Ya zo ya durƙusa.

"Baba, a ba mu goron mu tahi da shi. Kai ma akwai wuri gaba, kusa da direba."

"Goron auren ɗan wana ba ya tahiya a hannun kowa sai nawa. Kuma da kekena zan zo."

"Baba, hanyar akwai duwatsu."

"Bitas goma sha takwas gare shi, Lawali."

Ya tashi ya tafi, don yaro ne mai ladabi. Ni kuwa abin da ke raina shi ne in shiga ƙauyen nan da farar riga bisa keke ruwan ɗorawa, dangin amarya su san gidan da 'yarsu za ta shiga.

Ranar Juma'a da sassafe na fito da keke tsakar gida, na fito da buhun goro, sai a lokacin tambayar Iliya ta dawo mini. Ina zan aza kaya? Na rataya buhun a abin riƙo, ya riƙa gugar taya. Na ɗaure shi a ƙarfen tsakiya, gwiwoyina suka rasa hanya. Na gwada bayan sirdi, ya zame ya faɗi. Mai ɗakina tana tsaye bakin madafa tana kallo, ta rufe baki da gefen mayafi.

"Malam, hanya ɗaya ta rage."

"Wace?"

"In goya maka shi."

Na ce mata ta ji tsoron Allah. Na sake gwada abin riƙo, na sake gwada ƙarfen tsakiya. Rana tana ta hawa. A ƙarshe na ce to, amma da sharaɗi, a ƙarƙashin babbar riga, kuma maganar ba za ta fita gidan nan ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko zane mai ƙwari wanda zai iya nauyin, sai aka yi rashin sa'a shi ne zanenta na biki, kore mai manyan furanni ruwan lemo. Na duƙa, ta ɗora mini buhun a baya, ta ja zanen ta soke shi a ƙirjina, ta ɗaure na ƙasa a cikina. Cikin ƙiftawa ta gama, goro ya zauna daram.

"Zanena ne na hita kunya," in ji ta. "Kada ka dawo mini da shi da ko ɗan huji."

Na zura babbar riga a kai. In ka gan ni sai ka ce ƙusumbi ne ya fito mini dare ɗaya, amma ba komai, wanda yake duƙe a kan keke duk bayansa tudu ne. Shirina mai sauƙi ne. In na kusa ƙauyen sai in ratse bayan wata bishiya, in kwance zanen in ninke shi, in shiga da goro a hannu cikin mutunci.

Ranar farko na kai Buza, ba lokacin karin kumallo ba kamar yadda ɗan kasuwa ya ce, amma na samu Juma'a. Bayana da wuyana sun yi tsami. Na sauka gidan wani abokin karatuna. Na shige bayan ɗaki na kwance goyona ba wanda ya gani, na yayyafa wa buhun ruwa don kada goron ya bushe.

Kashegari da safe sai ga matsalar da ban hango ba. Wa zai goya mini? Ba zan ce wa matar abokina ta zo ta goya wa baƙon mijinta goro ba. Na shiga bayan ɗaki na yi da kaina. Na gwada soke zanen yadda na ga mai ɗakina ta yi, ya warware. Na sake, ya sake warwarewa. Shekara ashirin da wani abu ina ganin mata suna wannan abu da hannu ɗaya suna magana, ban taɓa sanin ilimi ne ba. Da haushi ya kama ni sai na kama bakin zanen biyu na ƙulla a ƙirji, na ja da ƙarfi, na sake ƙullawa a kai. Na ƙasa ma na yi masa haka. Na ce yanzu in ka isa ka warware.

Daga Buza zuwa gaba hanyar jar ƙasa ce da tsakuwa, hawa da gangara. Keken ya riƙa karkarwa har haƙorana suna haɗuwa. Bitas goma sha takwas ɗin nan, ban san wanne na shiga wanne na fita ba. Da hantsi ya yi na gangara wani kwari inda itatuwan da aka dasa tun zamanin proje, aikin nan na raya karkara, suka yi duhu gefen hanya. Allah Ya saka wa waɗanda suka dasa su da alheri, sun raya ƙasa, amma duk masu ƙaya ne. Na ji tayar gaba ta yi wani ɗan tsaki. Ban yi taki goma ba ta baya ta amsa mata.

Na tura shi har wani ɗan ƙauye inda na samu mai faci a gindin bishiya. Dattijo ne mai haƙuri. Ya ciro robobin, ya gano hujojin, ya liƙe su tsaf. Sannan ya ɗauko famfonsa ya kai bakin, sai famfon ya haɗiye bakin gaba ɗaya, iska tana fita ta gefe. Ya naɗa tsumma ya gwada. Ya naɗa roba ya gwada. Ya aika aka aro famfon maƙwabci, duk ɗaya.

"Malam," in ji shi, "wanga keke na ƙasar da ba ta da ƙaya ne. Wa ya ba ka shawara?"

Na ce ƙaddara ce. Na ciro salula in kira Lawali, babu rezo, wato sabis, ko ɗigo. Na tambayi mota, aka ce ba ranar kasuwa ba ce. Moto ɗaya ne a ƙauyen, mai shi kuma ya jingine shi tun da mai ya yi tsada.

Na kama hanya ina turawa. Ban yi nisa ba tayar gaba ta fita daga ƙarfenta ta naɗe, keken ya ƙi gaba ya ƙi baya. Sai na saɓa shi a kafaɗa. A nan ne na tabbatar ɗan kasuwan nan ya faɗi gaskiya guda ɗaya, keken ba shi da nauyi. Ga ni nan, malamin Larabci, goro a baya, keke a kafaɗa, ina hawan tudun Adar da tsakar rana. Na sayi abin da zai ɗauke ni da kayana, ga shi ni na ɗauke shi da kayan.

Da azahar ta yi na ajiye keken don in yi salla, na kai hannu in kwance zanen. Ƙullin ya sha gumi, ya sha jijjigar hanya, ya dunƙule kamar dutse. Na yi da farce har farcen ya karye. Ba ni da wuƙa, ko da ina da ita ma maganar mai ɗakina tana kunnena. Haka na yi sallar da goyona, ina tuna wa kaina cewa mata suna yin haka kullum kuma sallarsu tana karɓuwa. Na yi addu'a Allah Ya haɗa ni da wata tsohuwa a bakin gari kafin kowa ya gan ni.

Allah Ya amsa, amma ba da tsarin da na shirya ba. Ban taɓa zuwa ƙauyen ba, ban san masallacinsu a bakin gari yake ba. Hanya ta zagaya wani dutse, ina fitowa sai ga ni tsulum a gaban taro. Maza sun fi ɗari a kan tabarmi ƙarƙashin wata babbar bishiya. La'asar ta gabato. Alhaji waliyyi yana tsaye ya riga ya sa takalmi, direbansa ya tada mota. Lawali yana gefe, fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Wanda ya fara hango ni shi ne Hamidu, ɗan gwaggona, taubashina, mutumin da tun muna yara bai taɓa barin wani kuskurena ya wuce ba a yi masa biki ba.

"Ga bawana nan ya iso," in ji shi. "Jama'a ku duba, mu nan mu ke hawan keke, su a Madawa keke ke hawansu."

Aka yi 'yar dariya. Na sauke keken, na yi sallama, na ba da haƙuri. Alhaji ya dube ni daga sama har ƙasa, ya dubi agogonsa, ya koma ya zauna a bakin tabarma bai cire takalmi ba. Liman ya gyara zama.

"Alhamdu lillahi. To Malam, ina goro?"

"Yana nan, Allah gafarta Malam."

Liman ya dubi hannuwana, ya dubi keken. "Ina?"

"Yana jikina. In da za a ba ni wani ɗaki, minti biyu."

"Malam," in ji Alhaji, muryarsa a sanyaye, "tun azahar mutanen nan ke zaune. Hanyar Tawa ba ta son yamma. In akwai goro a hito da shi nan. In babu, a hwaɗa mini in tahi."

Na dubi Lawali. Idonsa ya kawo ruwa, kuma a wannan lokacin kamar wana ne yake kallona. Na ce a raina, kai ka ƙulla, kai za ka kwance. Na yi bisimilla, na kama babbar rigata na cire ta ta ka.

Ido duk ya dawo kaina. Ga ni tsaye da gemuna da furfurata, ɗaure da koren zane mai furanni ruwan lemo, ƙulli a ƙirji, ƙulli a ciki, ga dunƙulen abu a baya. Jiƙaƙƙen buhun kuma ya zubo, ya yi wa 'yar cikina da wandona jan shaci har zuwa cinya.

Hamidu ya taso a hankali, ya zagaya bayana, ya leƙa cikin zanen.

"Barka da arziki, bawana. Ba a gaya muna ba. Mace ko namiji?" Ya taɓa jiƙaƙƙen wurin. "Har ya yi maka hitsari. Lahiyayye ne."

Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Dattawa suka riƙa kifewa a kan tabarma. Liman ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa suna rawa. Mata suka leƙo ta saman dangar gidan amarya. Ni kuwa ina ta fama da ƙulli. Hamidu ya sa hannu, ya sa haƙori, ya kasa. Wani ya miƙo wuƙa, na riƙe hannunsa na ce kada a yanka, zanen bikin mai ɗakina ne. (Da na san abin da wannan magana za ta ƙara wa dariyar, da na bari an yanka, in ya so in sayar da keken in biya ta.)

Sai ga wata tsohuwa ta fito daga gidan tana dogara sanda, kakar amarya ce. Maza suka buɗe mata hanya. Ta tsaya gabana, ta dubi ƙullin, ta dube ni.

"Ɗana, wa ya koya maka goyo? Ai haka aka ɗaure jaki."

Ta zare tsinken da ke cikin gashinta, ta soka a ƙullin, ta murɗa nan ta ja can, sai ga shi ya saki. Ta ce in duƙa, na duƙa. Ta zagaya ta karɓi buhun da hannu biyu, hannu ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, ta rungume shi a kafaɗa, har ta ɗan bubbuga bayansa kafin ta tuna goro ne.

A nan ne Alhaji ya fashe. Mutumin da aka ce ba a taɓa ganin haƙoransa ba, na gan su duka har da giɓin gefe. Ya yi dariya har ya cire takalmi da kansa, ya ce a gaya wa direba ya kashe mota. Aka buɗe buhun, goro ya fito sumul, ko ɗaya bai yi tabo ba. Na maida rigata, na zauna gaban liman na nema wa Lawali aure da muryar da ni kaina ban gane ta ba. Alhaji ya ce ya bayar, yana share hawaye. Aka shafa fatiha. Ana raba goro ina jin wani yana ce wa na kusa da shi, "Ci a hankali, Malam ya sha wahalar renonshi."

Na komo Madawa cikin motar kasuwa, keken yana sama tare da awaki. Labari kuwa ya riga ni isowa. Mai ɗakina ta karɓi zanenta ta ɗaga shi a rana ta duba, ba huji, ta ce, "Sannu da jego." Ita ma ke nan.

Wata uku ban bi ta gaban rumfar Iliya ba. In zan je tasha sai in zagaya ta kasuwar dabbobi. Keken yana jingine a zaure, kaji suna kwana a kan ƙahonsa, ni kuma ina biyan kabu-kabu kuɗin da na sayar da moto don in guje masa. Amma alkawari yana da nauyi, ko a salla sai ya riƙa faɗo mini. Ran nan sai dabara ta zo mini. Na samu takarda mai kyau, na rubuta maganar da ajami sau uku, da wasali da komai, na tura keken har rumfar.

Benci cike yake da mutane, kamar an gayyace su. Na miƙa wa Iliya takardar na ce ga haƙƙinsa. Ya karɓa, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya maido mini.

"Malam, ka san ban karatun wanga. Wa ya sani ko addu'ar neman tsari da ni ka rubuta? Da baki munka yi."

Na dubi benci, benci ya dube ni. Na gyara murya.

"Iliya ya hi ni sanin keke."

"Ɗaya," in ji wani a benci.

Na faɗi na biyu. Na faɗi na uku, har da ɗan ƙarfi, don in gama. Iliya bai yi dariya ba. Ya buɗe wani gwangwani ya nuna mini ɗan ƙarfen famfo da robar ciki, ya ce sun iso daga Konni kwana biyu bayan tafiyata. Ya ce akwai wani ma'aikacin asibitin mishan mai son motsa jiki a kan gudro, ya daɗe yana neman irin wannan keke, zai saya. Sannan ya shiga bayan rumfa ya turo mummunan nan mai launin toka. Ya sake masa sirdi.

"Mutum biyu sun taya, na hana. Na san za ka zo, sai dai ban zaci za ka kai wata ukku ba."

Shi nake hawa har yau. Yana kai ni Sabon Gida ina zaune kamar mutum ina gaida jama'a, ya ɗauko mini gero daga Azarori, ya kai ni sunan ɗan Lawali da goro a porbagaji, ko da yake mutanen ƙauyen sun nuna rashin jin daɗinsu da ganin haka. Abin da na koya kuwa bai da yawa. In za ka sayi keke, kada ka tambayi nawa ne bitas ɗinsa, ka tambayi inda kaya za su zauna, don in babu wurinsu a jikin keken, akwai shi a jikinka.

Ranar da na karɓi keken, har na hau zan tafi sai Iliya ya tsayar da ni. Ya ɗauko wata doguwar igiyar roba ya naɗa ta a porbagaji.

"Wagga kyauta ce," in ji shi. "A bar wa uwargida zanenta."